Hannun da Ban Riƙe Ba

Zainab da Nura, ku biyu kuka rage mini, kuma ku biyu kuka fi kowa yi mini tsiya a kan ɗan robar nan. Na san abin da kuke faɗi in na ba da baya. Wai Umma ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta ja carbinta ta yi wasa da jikoki, duk Talata da Alhamis tana cikin keke napep da ciwon gwiwarta, za ta je ta yi wa mutum-mutumi jinya. Nura har tambayata ya taɓa yi ko robar ta taɓa ce mini sannu da aiki. Na yi dariya ranar, don maganar ta isa dariya, amma ban ba shi amsa ba. Babanku ne ya roƙe ni kada in faɗa muku wannan magana yana raye, na kuwa cika masa alkawari. Yanzu ya shekara biyu a ƙasa, Allah Ya jiƙansa, ni ma kuma ba yarinya ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka gaya muku game da rasuwar yayanku ba ƙarya ba ne, amma rabin maganar ne, sauran rabin yana wurina.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu kuke ɗauka almara. Ina da shekara ashirin da biyar na haifi yayanku, a gidan kakanninku na Tudun Wada, kuma tun kafin ranar suna Inna, kakarku, ta zaunar da ni ta karanta mini dokar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya faɗi ba uwa ce ke rugawa ba. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Kada ku ce Inna muguwa ce. Haka aka yi mata, haka ta yi wa babanku, kuma duk unguwar babu wanda ya ga aibun abin. Na riƙe dokar nan fiye da yadda ita kanta ta nema, don ni tun ina yarinya in na kama abu ba na kama shi da wasa. Shekara ashirin da huɗu ina ce masa "kai", in zan yi maganarsa in ce "yaron nan". Shi ma ya saba, har ya mayar da abin tsokana. In ya ga ina cikin fara'a sai ya leƙo madafa.

"Umma, wai ni yaya sunana ne? Na manta."

"Je ka tambayi ubanka, shi ya raɗa maka."

Sai ya tafi yana dariya. Ya san dai tsokar da ta fi girma tana can ƙarƙashin tuwonsa, kuma ya san ba kuskure ke kai ta can ba. Da aka rufe masaƙar Kakuri babanku ya rasa aiki ya koma sayar da yadi, yaron nan ne ya ajiye karatu ya shiga walda don a rage wa gida nauyi. Kujerar ƙarfen da babanku ke zama a kai a tsakar gida, aikinsa ce. Akwai lokacin da sandar da muke rataye ledar ƙarin ruwa a asibitinmu ta karye, ya zo ya ɗauka ya gyara ya dawo da ita. Abokan aiki suka tambaye ni wa ya yi wannan aiki mai kyau, na ce wani mai walda ne a Kakuri. Kowa ya san ko wane ne, kowa ya bar ni da kunyata.

A lokacin ni ce babbar nas a ɗakin imajansi na asibitinmu, inda ake fara kawo waɗanda suka yi haɗari. Sista Ladi ake kirana, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ana tsorona, ni ma ina jin daɗin hakan. Taƙamata ita ce idona. Nakan ce wa yara sababbi ido ba mudu ba ne amma ya san kima, daga bakin ƙofa nake gane wanda ke bakin mutuwa da wanda ke raki. Yadda aka koya mana aikin kuwa, kuma yadda muka koya wa na bayanmu, shi ne ka fara da mai jini, ka bi da mai ihu, wanda ya shigo da ƙafarsa ya jira a benci. Wani abin da aka san ni da shi kuma, ba na yarda ma'aikaci ya tsallake layi da ɗan'uwansa. Sista Rifkatu, wadda kuka sani, ta Narayi, mai kawo mana acca duk Kirsimeti, ta taɓa shigar da ƙanen mijinta gaban wasu. Na wanke ta tas a gaban marasa lafiya, har ta yi hawaye. Ƙawata ce, shekarunmu goma muna aiki tare a lokacin, amma daga ranar ba ta ƙara maimaita mini magana sau biyu ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, cikin damina, bayan la'asar, ana tsuga ruwa. Wata bas da ta taso daga wajen Rido birkinta ya tsinke, ta kwashi keke napep ta danna shi cikin kwalbati. A bayan a-kori-kura aka kawo mana su, jina-jina, ana salati ana kururuwa, likita ɗaya gare mu a bakin aiki, sai ni da Rifkatu. Ina cikin nuna inda za a kwantar da kowa sai na ga yaron nan ya shigo riƙe da ƙafafun wata mata, shi da wani suna ɗauke da ita. Ya jiƙe sharkaf. Ya ajiye ta a gado, ya koma ya taimaka aka shigo da wani, sannan ya je ya zauna a bencin jikin bango, ya dafe haƙarƙarinsa na hagu. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Daga inda nake tsaye na yi masa magana.

"Kai, me ya kawo ka nan?"

"Ina cikin keken, Umma. Amma ba komai, ƙarfen gefe ne ya ɗan buge ni. Je ki duba su."

Na dube shi da idon nan nawa da nake taƙama da shi. Babu jini, babu karaya, yana magana daidai. Zuciyata ta ce in je in taɓa shi, wallahi ta ce. Amma ɗakin cike yake da mutane, ga 'yan'uwan marasa lafiya sun yi cirko-cirko a taga, ga wani kwandasta ƙashin ƙafarsa a waje yana kiran uwarsa. Na ji kunyar a ga Ladi ta nufi ɗanta na fari, na kuma ji girman kan kada a ce mai hana tsallake layi yau ta tsallake. Na ce wa Rifkatu ta auna jininsa, ni na juya kan kwandastan. Jim kaɗan ta dawo ta tsaya a kafaɗata.

"Sista, awon jininsa daidai ne. Amma fa hannunsa akwai sanyi."

"Ruwan sama ne ya doke shi. Miƙo mini bandeji."

Ta miƙo. Can ina ɗinke goshin matar da ya shigo da ita, na ji muryarsa a bayana, a hankali, yana cewa Umma ƙishirwa. Ban waiwaya ba, na ce a ba shi ruwa. Wani ya miƙa masa ruwan leda. Ban san ko minti nawa suka wuce ba, sun dai kusa awa guda, sai na ji ƙarar faɗuwa. Ya zame daga bencin ya kife a ƙasa, ledar ruwan tana hannunsa. A lokacin na taɓa shi, lokacin da kowa ma zai taɓa. Aka ruga da shi tiyata, aka tarar saifarsa ta fashe, cikinsa ya cika da jini. Ana kiran magariba likitan ya fito ya ce mini, Sista ki yi haƙuri, irin wannan ba a ganinsa daga waje, kwana ne ya ƙare. Wannan maganar na kai gida, ita na gaya wa babanku, ita aka gaya muku. Ni ma na yarda da ita, don ina bukatarta. A zaman makoki ban yi kuka a gaban kowa ba, ɗan fari ne. Mata suna ta yaba dauriyata.

Bayan shekara huɗu, saura mini shekara ɗaya in ajiye aiki, aka kawo ɗan robar. An share wani tsohon sito aka yi masa fenti, aka raba shi da gilashi, aka kafa kyamarori a kusurwa. Aka ce duk ma'aikatan imajansi sai sun yi kwas a kansa, babba da yaro. Mai koyarwar wata likita ce sabuwar zuwa, Dokta Jamila, sa'arki Zainab, siririya, mai sanyin murya. Shi kuwa ɗan robar girman mutum ne sosai, yana kwance a gado. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, yana ƙifta ido, in ka kama wuyan hannunsa za ka ji jijiya tana bugawa, ana sa masa allura ana ƙara masa ruwa. Dokta tana zama bayan gilashi da kwamfuta, ita ke juya shi, ta ƙara masa ciwo ko ta rage, kuma in ta yi magana a makirufo muryar ta fito ta bakinsa. Wasu a cikinmu suka ce gunki ne, wasu suka ce aljani ne na Turawa. Ni ban ce ko ɗaya ba, raini kawai na yi masa. A gida na ba babanku labari, ya yi dariya har da tari, ya ce to Ladi, in kin warkar da shi ki kawo shi ya tsare mini shago. Ranar farko da na shiga ɗakin na gaya wa Dokta abin da ke raina.

"Dokta, kafin a haife ki nake ɗinke mutane masu rai. Yau kuma 'yar tsana za ta koya mini aiki?"

"Mama, ba koya miki zai yi ba. Wuri ne kawai da mutum zai yi kuskure ba a yi jana'iza ba."

Na ce to, mu gani. Aka haɗa ni da Rifkatu da wasu biyu. Dokta ta ce mu ɗauka haɗarin mota aka yi, an kawo mana mutum biyu. Na farko wani ma'aikacinmu ne aka shafa wa jan ruwa a ƙafa, aka ce ya yi ta ihu, ya kuwa yi kamar an biya shi. Na biyu shi ne ɗan robar, an rufa masa zane, ba jini ko ɗigo a jikinsa. Na tsaya daga ƙafar gadon na tambaye shi ina ke ciwo. Ya ce ba komai Sista, gefensa ne ya bugu, ƙishirwa dai yake ji. Na ɗaga kai na dubi allon da ke nuna awon jininsa, na ga daidai ne. Na ce wannan ya jira, na ja tawagata muka rufu a kan mai ihu. Muka ɗaure, muka tsayar da jini, aiki tsaf, har ina jin daɗin yadda yarinyar nan za ta ga ƙwarewa. Sai na'ura ta fara ƙara a bayanmu. Kafin mu juya mu nemi jijiya mu ɗaura ruwa, ƙirjin ya daina motsi. Dokta ta fito daga bayan gilashi ta ce, ya rasu, mu je mu kalla.

Aka zaunar da mu gaban talabijin aka sa mana bidiyon abin da muka yi. Ban taɓa ganin kaina ina aiki ba sai ranar. Na ga wata tsohuwa mai ƙiba cikin fararen kaya ta tsaya nesa da gado, hannayenta biyu a bayanta, ta yi tambaya, ta dubi allo, ta juya ta tafi. Dokta ta tsayar da hoton daidai inda na juya.

"Mama, me ya sa ba ki taɓa shi ba?"

"Awon jininsa daidai ne. Yana magana."

Ba ta san komai ba game da yayanku, bayan rasuwarsa ta zo, don haka ta yi bayaninta hankali kwance, kamar mai karanta darasi. Ta ce saurayi mai ƙarfi in jini yana zuba a cikinsa, jikinsa yana daurewa ya riƙe awon jinin daidai har sai abin ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Ta ce allo zai yaudare ka, ido zai yaudare ka, amma hannu ba ya yaudara. In ka kama wuyan hannunsa za ka ji bugun yana gudu, siriri kamar zare, fatar da sanyi da danshi, ga ƙishirwa. Ta ce mai ihu yana da numfashin ihu, mai shiru shi ne abin tsoro. Ta ce in an gane da wuri aka nemi jini aka shiga tiyata, da yawansu suna tashi. Tana magana ina jin kowace kalma tana sauka a kaina, sanyi, ƙishirwa, gefen hagu. Na juya na dubi Rifkatu. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, sai na gane ba yau ta fara sanin wannan ba.

Dokta ta ce mu sake. Ta koma bayan gilashi ta danna wani abu a kwamfutarta, sai ƙirjin da ya tsaya ya ci gaba da hawa da sauka, idon ya buɗe. Wannan ne ya karya ni, 'ya'yana, fiye da bayanin. Dannawa ɗaya, wanda ya mutu ya dawo, aka ba ni dama ta biyu a kan roba. Na je na kama wuyan hannunsa. Bugun yana nan yadda ta faɗa, yana gudu a ƙarƙashin yatsuna. Na ce a ɗaura ruwa hannu biyu, a kawo jini, a kira tiyata, duka bai kai minti uku ba. Ya rayu. Yaran suka tafa mini. Na ce ina zuwa, na shiga banɗaki na kulle ƙofa, na yi kukan da ban yi ba shekara huɗu, hannuna a bakina kada a ji.

Ranar Asabar da hantsi na hau mota na tafi Narayi. Na tarar da Rifkatu a tsakar gidanta tana wanke acca. Tana ganina ta tsame hannu ta kawo mini kujera, ba ta tambaye ni lafiya ba. Ni na fara.

"Ranar nan, kin ce mini hannunsa da sanyi?"

"Na ce, Sista."

"Ni me na ce?"

"Kin ce ruwan sama ne."

"Da na taɓa shi fa?"

Ta goge hannu a zanenta ta amsa.

"Rai na Allah ne, ni ban san ko zai tashi ba. Amma da kin taɓa shi da kin gane, hannunki ya fi nawa sani. Ni ma ban kwana lafiya ba tun ranar. Raina bai kwanta da sanyin nan ba, na so in sake gaya miki, har na buɗe baki. Tsoronki na ji, Sista. Abeg ki yafe mini."

Ita ke neman gafarata, ni da na rufe mata baki da hannuna tun shekaru. Muka zauna muna kuka mu biyu, accar tana jiƙe a roba har ta kumbura. A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ba zan ɗora wa Inna ba, ita kunya ta koya mini, ba ta ce in bar mai ciwo ba. Ba zan ɗora wa aikin ba, ko da yake haka aka koya mana shi. Ni ce na haɗa kunya da girman kai da taƙamar ido, na tsaya taku biyar daga ɗana.

Sati biyu ina ɗauke da maganar kafin na gaya wa babanku. Da safe ne, yana kan kujerar ƙarfen nan yana shan koko. Na faɗa masa duka ban rage komai ba. Ya ajiye ludayin.

"Ladi, ke kin isa ki ƙara wa mutum kwana ko ki rage masa? Ba ki isa ba."

Na ce na sani, Malam.

"To da kin bar ni da abin da na sani. Shekara huɗu ina kwana da cewa babu yadda za a yi."

Bai ɗaga murya ba, bai taɓa zagina ba, amma bai ƙarasa kokon nan ba. Kuna tuna watannin da ya riƙa wucewa masallaci tun la'asar ba ya dawowa sai isha, kuka ce ko kasuwa ce ta yi masa nauyi? Ba kasuwa ba ce. Da, in hira ta yi daɗi, shi ke kawo labarin yayanku, yadda ya ƙona girarsa ranar da ya fara walda, mu yi ta dariya. Daga ranar nan bai ƙara kawo labarinsa a gabana ba har ya koma ga Allah. Wannan shi ne abin da gaskiyar ta ci mini, kuma har yau ban san ko na kyauta masa ba. Da na ce masa ina so in na yi ritaya in zauna tare da Dokta in riƙa koya wa yara da wannan labarin, sai ya ce, ki gaya wa bare ki ɓoye wa na gida? Na ce baren ne za su tsaya a kan 'ya'yan mutane. Sai ya kafa mini sharaɗi biyu, kada in ce ɗana ne, kuma kada ku ji yana raye. Bai ƙara cewa komai ba a kai. Sai wata Talata, an kusa shekara, na fito ina ɗingishi na tarar ya tsayar mini da keke a ƙofar gida yana jirana. Iyakar abin da ya yi ke nan, ni kuwa na fahimta.

Dokta Jamila kaɗai na gaya wa, sai Rifkatu da ta riga ta sani. Muka zauna mu uku muka tsara darasin yadda abin ya faru, ba mu canza komai ba. Saurayi mai walda, keke napep, ruwan sama, jiƙaƙƙiyar riga a jikin ɗan robar, mai ihu a gado na kusa. Rifkatu ta ce a ƙara abu ɗaya, a riƙa sa babbar nas ta ce ruwan sama ne, a ga ko ƙaramar za ta iya maimaita maganarta. Ni nake fitowa a babbar nas ɗin, kuma kun san ba sai an koya mini ba. Duk yarinyar da ta tsaya ta ce mini Mama ban yarda ba, ki zo ki taɓa, ita ce ta ci. Da muka gama tsarawa Dokta ta ɗauko katin mara lafiya ta ce, dokar ɗakin nan ita ce, abu na farko ka kama hannunsa ka kira sunansa, to wane suna za mu sa masa? Na karɓi biro na rubuta sunan yayanku a katin na tura mata, don bakina ya ƙi.

Ranar da muka fara, ɗalibai goma sha biyu suka kewaye gadon. Dokta ta ce kafin su gwada, Mama za ta nuna musu yadda ake yi daidai. Ta shiga bayan gilashi. Ban yi tunanin abin da ke jirana ba sai da na tsaya a gefen gadon, ga mutane ko'ina suna kallona, ga jiƙaƙƙiyar riga, ga katin a rataye. Na kama wuyan hannun. Bugun yana gudu. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, har wata ɗaliba ta leƙa katin ta raɗa mini sunan, a zatonta idona ne bai gani ba. Sannan na kira. Shekara ashirin da huɗu yana raye ban kira ba, shekara biyar yana ƙasa ban kira ba, sai ranar, a gaban baƙi, a kan roba. Na san muryar Dokta ce, na san lasifika ce a cikin maƙogwaron roba, ban haukace ba. Amma aka amsa.

"Na'am."

Na ƙarasa darasin. Na ce a ɗaura ruwa, a kawo jini, a kira tiyata, ya rayu. Yaran nan har yau suna zaton sunan ƙirƙira ne, kuma sun san in Mama ta zo wurin sai muryarta ta ɗan shaƙe, suna cewa tsufa ne. Da yawansu suna aiki yanzu a asibitoci daban-daban. Wata ta tare ni a kasuwar Kakuri bara ta ce, Mama, na samu irin na darasinki, wani ɗan acaba, yana zaune shiru a benci, na kama hannunsa, yanzu haka yana gidansu. Na yi mata addu'a na wuce, na je bayan wata rumfa na zauna.

To, Nura, ga amsar tambayarka. Robar ba ta taɓa ce mini sannu ba. Amma duk Talata da Alhamis akwai inda nake zuwa in riƙe hannu in kira, a amsa mini, kuma ba na makara. Ban rubuta wannan don ku ce ba laifina ba ne, an riga an gaya mini haka shekara huɗu bai warkar da ni ba. Yayanku ne, kuna da hakki a kaina. In za ku yi fushi ku yi, zan jira, in kun huce ku yafe mini. Zainab, na ga ranar nan ɗanki na fari ya faɗi a tsakar gida kin ruga kin ɗauke shi, sannan kika dube ni kina jin nauyi, kika sauke shi da sauri. Ban ce komai ba ranar. Yanzu ina cewa, da kin bar shi a hannunki.

Na duba abin da na rubuta tun daga sama, na ga ko a takarda ma "yaron nan" nake ta ce masa. Ya sha tambayata a ƙofar madafa, ina tura shi wurin ubansa. Uban ya tafi, ba sauran wanda zan tura shi wurinsa.

Sunanka Haruna. Ban taɓa mantawa ba.